Shanyewar Ɓarin Jiki: Yadda Ake Gane Ta da Wuri, da Abin Yi Kafin a Isa Asibiti

Dattijo yana alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Ya kira uwargida, maganar ta fito a dagule kamar mai lomar tuwo a baki, miyau na zuba ta gefe guda. Haka wannan cuta take shigowa gidaje da yawa: babu ihu, babu jini, sau tari ko ciwo babu. Shi ya sa ake shimfiɗa wa mutum tabarma a ce ya ɗan huta, a aika Garin Malam a kira wansa, a jira babban ɗansa ya dawo daga kasuwar Dole, a nemo malam. Kafin a tsai da shawara azahar ta yi. A cikin wannan jiran ne hannu da ƙafa da harshe suke tafiya, kuma abin da ya tafi ba duka yake dawowa ba.

Ciwon ba a hannu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Likitocinmu suna rubuta shi AVC a takarda, kuma iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala cikin kai. Sashen da jini ya daina kai wa yana fara mutuwa cikin ƴan mintoci. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya daman jiki, na dama kuma yake juya hagu. A wajen yawancin mutane magana a ɓangaren hagu take, saboda haka wanda damansa ya shanye shi ya fi rasa magana.

Gwaji uku, cikin minti ɗaya

Ba sai da kayan aiki ba. Ku tsaya gabansa ku yi waɗannan.

Fuska: ku ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa. Idan gefe ɗaya na baki ya ɗaga, ɗayan ya zauna ko ya saki ƙasa, alama ce.

Hannu: ya miƙa hannuwansa biyu gaba, tafin yana kallon sama kamar mai addu'a, ya rufe ido, ku ƙirga goma. Hannun da ya fara sauka, ko ya juya ya kife, ko ya ƙi tashi tun farko, shi ne mai matsalar. Rufe idon yana da muhimmanci, domin idan yana kallo zai riƙa gyara hannun da kansa, ƙaramin rauni ya ɓuya muku.

Magana: kada ku tsaya ga "Baba, lafiya?" don mutum na iya gyaɗa kai ko ya ce "lau" alhali maganarsa ta tafi. Ku ce ya maimaita jimla cikakkiya, kamar "yau Alhamis ce, ranar kasuwa". Ku nuna masa buta ko hula ku ce ya faɗi sunanta. Ku saurari nauyin harshe, da kalmomin da suka sauya wuri, ku lura ko yana gane abin da kuke faɗa.

Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa, ba sai sun haɗu ba. Akwai kuma alamun da gwajin ba ya kamawa: ido ɗaya ya dushe farat ɗaya, ko rabin abin da ke gaban mutum ya ɓace har yana karo da ƙofa, ko ya ga abu ɗaya ya zama biyu, jiri mai tsanani da tangaɗi har ya kasa tsayuwa, ɓarin jiki ya yi dindiris, ko ciwon kai da ya sauko lokaci guda, irin wanda bai taɓa ji ba, da amai da sanƙarewar wuya. Abin da ya haɗa su duka shi ne zuwan bazata. Ciwon da ya yi wata uku yana tafiya a hankali wata magana ce daban.

Akwai karkacewar baki da ba daga ƙwaƙwalwa take ba, wadda jijiyar fuska kaɗai ta shafa. Mai ita ba ya iya rufe ido ko tattare goshi a wannan gefen, amma hannu da ƙafa lafiya lau. Yawanci tana warkewa. Sai dai ba a zaure ake rarrabe su ba, likita ne zai duba ya faɗa.

Abin yi nan take

Ku dubi agogon waya, ku riƙe lokacin. Abin da likita zai fara tambaya shi ne yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya. Wanda ya tashi daga barci da shanyewa, lokacin da ya kwanta ake ƙirgawa, ba lokacin da aka same shi ba. Dalili kuwa, allurar da ke narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamu. Ba kowane asibiti ke da ita ba, amma ko babu ita, zuwa da wuri yana ceton rai: za a duba suga, a kula da numfashi, a sauke zazzaɓi, a hana abinci bin hanyar iska, a riƙe hawan jini daidai gwargwado.

Ku kwantar da shi a gefensa, kai da kafaɗu a ɗan ɗage da matashi, bakin yana kallon ƙasa don miyau ko amai su fita. Ku sassauta rawani da wuyan riga, ku cire haƙoran roba idan yana da su. Mutum ɗaya ya nemo mota, wani ya tattara duk magungunan da yake sha, da kwalayensu, har na gargajiya, a zuba a leda. Wani ya kira dangi a waya ya ce su same ku can. Ba a jiran kowa. Idan uwargida ce kaɗai a gida da yara, ita ce mai yanke shawara, kuma ya kamata maigida ya faɗi wannan da bakinsa tun yana lafiya, don kada wata rana ta zauna jiran izinin wanda ba ya iya magana.

Kada a ɗora shi a kabu-kabu. Wanda ɓarinsa ya saki ba ya iya riƙe kansa, ƙafar kuma tana iya jan ƙasa ko ta kwanta kan salansa mai zafi bai ji ba. Mota ko adaidaita, a kwance a gefe, wani ya tallafe kansa. Wajen ɗauka a kama shi ta ƙugu da bayan kafaɗu. Idan aka ja hannun da ya shanye kafaɗar na iya gocewa, ya yi watanni yana fama da ita.

Wanda ke cikin gari ya wuce kai tsaye Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, sashen gaggawa. Wanda ke ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut ko Gure, ya tsaya asibiti mafi kusa, majo ya auna tansiyo da suga, ya rubuta takardar turawa, a kama hanya a ranar. Awon suga ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a litar jini, ya nuna alamu sak irin na shanyewa, kuma ana gyara shi cikin mintoci.

Abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya, suna kisa

Babban cikinsu shi ne ɗura. Ruwa, rubutu, zuma, kunu, jiƙo, duk ɗaya ne. Shanyewa takan taɓa maƙogwaro, sai abin da aka zuba ya bi hanyar iska ya gangara huhu, wani lokaci ko tari mutum ba zai yi ba. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya tashi, numfashi ya yi nauyi. Mutane da yawa ba shanyewar ce ke ɗaukarsu ba, wannan ciwon huhun ne. Ba a sa masa komai a baki sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. Addu'a kuwa ba ta buƙatar a tsaya: a yi ta a mota, a tofa, malam ya biyo ku asibiti. Wanda ya ce iska ce ko sammu, ba lokacin gardama da shi ba ne, ku ce masa ya zo a tafi tare.

Na biyu asfirin. Ana jin cewa yana tsinka jini, sai a ba mutum. To idan jijiya ce ta fashe fa? An ƙara wa jinin gudu ke nan. Da ido ba a iya sanin wane iri ne, ko likita sai da hoton kai na sikana yake tabbatarwa. Wannan ya fi shafarmu fiye da Turai, domin binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya samu kusan kashi 32 cikin ɗari na masu shanyewa fashewar jijiya ce.

Na uku, a ga awon hawan jini ya nuna 19 ko 20 (wato 190 ko 200 a na'ura) a ruɗe, a ba shi ƙwayar hawan jini biyu ko a sa masa wata ƙarƙashin harshe. A awannin farko jiki da kansa yake ɗaga jini don ya tura shi ta gefen wurin da ya toshe. Idan aka faɗo da shi da ƙarfi, sashen ƙwaƙwalwar da ke tsakanin rai da mutuwa sai ya ƙarasa. Don haka idan kun ga likita bai yi gaggawar sauke shi ba, ba sakaci ba ne.

Huda yatsu da allura, wanda ake yaɗawa a WhatsApp, ba ya buɗe jijiyar da ke cikin kai. Haka ƙaho, da tsaga, da murza da man zafi, da turare a rufaffen ɗaki.

Wadda ta zo ta tafi

Wani sai hannunsa ya mutu ko harshensa ya yi nauyi na minti biyar ko ashirin, sannan komai ya dawo daidai, a ce gajiya ce ko zafin rana, ya koma shago. Ƙaramin gudan jini ne ya toshe ya wuce, kuma inda ya fito akwai saura. Haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwana biyun farko. A je asibiti a ranar, ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa yana raha. Babu wanda ya fi wannan mutumin sa'a idan ya je, don an gargaɗe shi kafin a taɓa shi.

Tushen abin: hawan jini

A wancan binciken, hawan jini shi kaɗai yana da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar da aka gani. Kuma ba ya ciwo. Masu cewa "ni ina jin sa idan ya hau, wuyana ke riƙewa" suna yaudarar kansu. Mutum na iya shekara goma jininsa yana kan 17, yana noma, yana zuwa Kano sarin kaya, bai san komai ba. Awo kaɗai ke nunawa. Duk baligi ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda kuma ya haura 40, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi hawan jini, ko mai ƙiba ne, ya riƙa yi a kai a kai.

Awon ma yana da ƙa'ida, in ba haka ba lambar ƙarya za a samu. Kada a sha shayi ko sigari, ko a ci goro, rabin awa kafin awo. A yi fitsari tukuna. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. A zare hannun riga, kada a naɗe shi ya shaƙe damtse. A ɗora hannu a tebur daidai ƙirji, a ɗaura madaurin kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu, a yi shiru. A auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani. Mai kaurin damtse ya nemi babban madauri, ƙarami yana ƙara lamba. Na'ura za ta nuna 140/90, majo zai ce 14/9, abu ɗaya ne. Idan awo ya kai haka ko ya wuce a ranaku daban-daban, ko da lamba ɗaya ce ta kai, hawan jini ne. Wanda ya ga 18/12 kuma yana ciwon kai, ko ganinsa ya dushe, ko ƙirjinsa na ciwo, kada ya kwana gida. A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta kwanan wata da lamba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen magani. Mutum ya sha na wata ɗaya, ya auna ya ga 13/8, ya ce ya warke. Maganin ne ya riƙe shi a 13, ranar da aka daina zai koma inda yake. Yawancin masu hawan jini har ƙarshen rayuwa za su sha, kullum, a lokaci ɗaya. A haɗa shi da sallar asuba ba za a manta ba. Kowace ƙwaya da halinta: amlodipine takan kumbura ƙafa, captopril da enalapril sukan sa busasshen tari kuma mai ciki ba ta shan su, hydrochlorothiazide tana sa yawan fitsari. Wanda ya ga haka ya koma a sauya masa, kada ya ajiye shiru. Kada a ari na maƙwabci. A saya a farmasi, ba a tiren da ya wuni cikin ranar Afrilu ba, kuma a sayi na gaba tun saura na mako guda. Kafin azumi a je a tambayi yadda za a mai da shan zuwa sahur ko buɗa-baki, musamman mai shan na fitsari idan azumin ya faɗo a bazara.

Gishiri, dunƙule da kanwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, duk abincin yini a haɗe. A gida mai mutum goma, kilo ɗaya ya kamata ya kai kwana ashirin, wannan ma idan babu wani gishirin da ke shigowa ta wata hanya. Alhali yana shigowa. Dunƙulen miya kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kuma ana sa shi a miya, a yaji, a tsire, a kilishi, a kwaɗo. Kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce a wajen jini. Kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego safe da yamma yana tara ruwa a jiki, ya ɗaga jini, ya wahalar da zuciya, a daidai makonnin da mace ta fi kusa da haɗari. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga lokacin ciki ta nisance shi, a kuma ci gaba da auna ta bayan suna, ba sai arba'in ba.

Ba a yanke gishiri rana ɗaya, gida zai yi tawaye. Mai girki ta rage kwata a wannan mako, ta ƙara ragewa bayan mako biyu, cikin wata ɗaya ko biyu harshe ya saba. Ta cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tsamiya. A daina barbaɗa gishiri a kwano bayan an zuba abinci. A tukunya ɗaya za a yi wa kowa, don dattijon da aka ware wa miyar lami shi kaɗai, ƙarshenta yajin aljihu zai nema. Ganye kuwa Allah ya hore mana: zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo. Binciken SIREN ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu yawan cin nama kuma haɗarinsu ya fi.

Sauran a taƙaice suke, ba don ƙanana ba ne. Ciwon suga: awon safe kafin cin abinci da ya kai giram 1.26 a litar jini sau biyu ciwo ne, kuma shayin fada zagaye uku da suga kamar zuma ba ya taimako. Sigari da shisha. Tumbi: a zagaya awon tela a cibiya, namiji ya yi hattara daga santimita 94, mace daga 80. Zama wuri ɗaya: tafiya da sauri rabin awa, kwana biyar a mako, da sanyin safiya. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini ga mai shan su kullum. Ku kuma koyi taɓa bugun jini a wuyan hannu na minti ɗaya. Idan yana tsalle babu tsari, a je a yi awon zuciya, domin akwai rikicewar bugu da ke tara gudan jini, tana ninka haɗarin shanyewa kusan sau biyar. Yara masu sikila ma tana kama su, kusan ɗaya cikin goma kafin shekara 20. Yaron da ya fara jan ƙafa ko bakinsa ya karkace yana buƙatar asibiti nan take, sau da yawa har da ƙarin jini.

Bayan an dawo gida

Jinya a gida ita ce doguwar tafiya. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk awa biyu, dare da rana, a raba aikin tsakanin mutane don kada ya kashe mace ɗaya. A duba ƙugu, gindin baya, dugadugai da kafaɗu kullum. Jan da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi, gyambo ne ke shirin fitowa. Shimfiɗa ta zama busasshiya, ba tattara. A ba shi abinci yana zaune tsaf, da ƙaramin cokali, mai kauri kamar koko ko tuwo mai laushi da miya, don ruwa tsararo ya fi saurin shaƙewa. A duba kuncin da ya shanye ko abinci ya maƙale, a wanke baki, ya ƙara rabin awa a zaune kafin ya kwanta.

Watanni ukun farko su ne jiki ya fi karɓar gyara, don haka zuwa wajen kine, mai motsa gaɓoɓi a asibiti, ba abin jira ba ne sai "ya ji ƙarfi". A gida a riƙa miƙe masa yatsu, wuyan hannu, gwiwa da idon sawu a hankali sau biyu ko uku a rana, ba tare da an kai ga zafi ba, a tallafe hannun da matashi kada ya yi lilo. Abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko da zai ɓata riga. Wanda maganarsa ta tafi hankalinsa yana nan, sau da yawa yana jin abin da ake faɗa a kansa. A yi masa magana kamar babba, da gajerun jimloli, a jira amsarsa. Idan ya yi ta kuka ko ya ƙi abinci a faɗa wa likita, baƙin ciki mai nauyi yana bin wannan cuta kuma yana da magani. Maganin hawan jini da duk abin da aka rubuta masa ba a tsayar da su don ya fara takawa, saboda wanda ta taɓa sau ɗaya ya fi kowa kusa da ta biyu. Ƴaƴansa da ƙannensa da suka zo dubiya kuwa, tunda na'urar awo tana ɗakin, kowa ya zauna minti biyar ya miƙo hannu kafin ya tafi.